Gudummawar Leann L. Birch a Fagen Nazarin Ciyar da Yara da Rigakafin Ƙiba

Tsakure

Maƙalar ta bibiyi ayyukan Leann L. Birch (1946–2019), masaniyar halayyar yara 'yar ƙasar Amurka, wadda ta shafe sama da shekara 40 tana nazarin yadda yaro ke koyon cin abinci. An duba gwaje-gwajenta tun daga na ɗari-ɗarin yara da baƙon abinci har zuwa shirin INSIGHT na rigakafin ƙiba tun daga goyo. Abin da ya fito fili shi ne, lafiyayyen yaro yana zuwa duniya da ma'aunin da ke sanar da shi ya ƙoshi, amma abin da zai so ci koyonsa yake yi. Matsi da tukwici da hani, waɗanda manya ke yi da kyakkyawar niyya, suna iya dagula duka biyun. An kuma kawo sukar da aka yi wa aikin, da inda ƙarfinsa ya tsaya idan aka fitar da shi daga irin gidajen da aka gudanar da shi.

1.0 Gabatarwa

A farkon shekarun 1970, kimanin kashi 5 cikin 100 na yara da matasan Amurka 'yan shekara 2 zuwa 19 ne ke da ƙibar da likitoci ke ɗauka a matsayin ciwo. Kafin shekarar 2020 adadin ya doshi kashi 20 cikin 100. Matsalar ba ta tsaya a Amurka ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 yara miliyan 37 'yan ƙasa da shekara 5 ne nauyinsu ya wuce kima a faɗin duniya. Ƙibar ƙuruciya kuwa takan bi mutum har girmansa, ta buɗe ƙofa ga ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya, kuma sauke ta bayan ta zauna abu ne mai wuya.

Galibin masanan da suka tunkari wannan matsala ta ɓangaren abincin kansa suka ɓullo mata: yawan sukari, yawan maiƙo, yawan kalori. Birch ba masaniyar sinadaran abinci ba ce. Ilimin halayyar ɗan'adam ta karanta, ta sami digiri na uku a Jami'ar Mishigan a 1975, sannan ta koyar a Jami'ar Ilinoi, daga nan ta koma Jami'ar Jihar Fensilbeniya a 1992, inda ta jagoranci cibiyar binciken ƙibar yara, ta ƙarasa aikinta a Jami'ar Jojiya daga 2014 har rasuwarta. Saboda haka tambayarta ta sha bamban da ta sauran. Ita ba abin da ke cikin farantin kaɗai ya dame ta ba, a'a, har da abin da ke wakana tsakanin yaron da ke gaban farantin da babban da ke tsaye a kansa.

2.0 Gadon Clara Davis

Ba Birch ce ta fara wannan tambaya ba. A shekarun 1920 da 1930 wata likitar yara a Amurka, Clara Davis, ta gudanar da wani gwaji da har yau ake ambatonsa. Ta tattara jarirai 15 da aka yaye, akan jera musu abinci iri-iri a gabansu, kamar nama da ƙwai da madara da hatsi da 'ya'yan itace da kayan lambu, ba tare da an nuna musu abin da za su ɗauka ba. Abin da yaro ya miƙa wa hannu shi ake ba shi. Yaran sun yi zaɓi mai ban mamaki, wani lokaci ma mai ban dariya, amma sun girma cikin ƙoshin lafiya.

Labarin ya bazu da sigar cewa jikin yaro ya san abin da yake buƙata, don haka a ƙyale shi ya zaɓa. Davis da kanta ba ta faɗi haka ba. Ta bayyana cewa sirrin yana cikin jerin abincin da aka ajiye, domin babu alewa a ciki, babu kek, babu wani abin da aka sarrafa da sukari. Duk abin da yaron ya ɗauka mai amfani ne. Gwajin nata, a ma'aunin yau, yana da rauni ta fuskar tsari da ta ɗa'ar bincike, amma ya bar tambayoyi biyu a cakuɗe waɗanda Birch ta zo ta warware su ɗaya bayan ɗaya: mene ne yaro ke son ci, kuma nawa yake ci?

3.0 Son Abinci Koyonsa Ake Yi

Jariri yana zuwa da son zaƙi da ƙin ɗaci. Bayan wannan, kusan komai koyo ne. Akwai kuma wata ɗabi'a da kan tsananta daga wajen shekara 2 zuwa 6, wato ɗari-ɗari da baƙon abinci: yaro ya kawar da kai daga abin da bai taɓa kaiwa baki ba. Masana suna ganin ɗabi'ar kariya ce ga halittar da ke cin komai, a lokacin da ta fara tafiya da ƙafarta ta soma tsintar abubuwa.

A 1982 Birch da abokiyar aikinta Diane Marlin suka ba yara 'yan shekara 2 wasu nau'o'in cuku da 'ya'yan itace da ba su saba da su ba. Wani nau'in sau 2 kawai aka gabatar da shi, wani sau 5, wani 10, har zuwa 20. Da aka zo zaɓi, sai ya zamana gwargwadon yawan haɗuwar yaro da abinci, gwargwadon yadda yake fifita shi. Wani gwaji na 1987 ya ƙara da cewa kallo kawai ba ya wadatarwa, sai yaron ya ɗanɗana. A 1990 ita da Susan Sullivan suka yi amfani da awara, wadda baƙuwa ce ga yaran da aka yi gwajin da su. Wasu aka riƙa ba su zallarta, wasu mai gishiri, wasu mai sukari. Bayan an maimaita sau 8 zuwa 15, kowane rukuni ya fi son irin wadda ya saba da ita. Wato yaro ba abincin kaɗai yake koyo ba, har da yadda “ya kamata” a ji ɗanɗanonsa. Wanda aka sabar wa kunu da sukari, kunun da ba sukari lami ne a bakinsa.

Daga nan ne shawarar nan da ta game littattafan reno ta samo asali, cewa sai an gabatar wa yaro sabon abinci kamar sau 8 zuwa 15 kafin a yanke hukuncin ba ya so. Yawancin iyaye kuwa tun a karo na uku ko na huɗu suke haƙura. A jarirai ma abin ya fi sauƙi. Gwajin Sullivan da Birch na 1994 ya nuna cewa jarirai 'yan wata 4 zuwa 6 da aka riƙa ba su niƙaƙƙen koren wake har sau 10 sun ƙara yawan abin da suke ci, kuma ƙarin ya fi yawa ga masu shan nonon uwa. Bayanin da aka fi karkata gare shi shi ne, ɗanɗanon abin da uwa ta ci yana ratsawa cikin nononta, don haka yaron ya riga ya saba da sauye-sauyen ɗanɗano.

Tsara ma malamai ne. A wani gwaji na 1980, an zaunar da yaro mai son wani kayan lambu tare da yara uku ko huɗu masu son wani daban. Cikin kwana huɗu yaron ya fara ɗaukar abin da abokansa ke ɗauka, kuma ƙananan yara sun fi saurin sauyawa.

4.0 Ma'aunin Ƙoshi

Tambaya ta biyu, ta yawan abin da yaro ke ci, ita ce ta fi ɗaga sunan Birch. A tsakiyar shekarun 1980 ita da Mary Deysher suka yi wata dabara mai sauƙi. Kafin abincin rana, sai a ba yaro wani abin lasa mai kauri. Wata rana mai kalori da yawa, wata rana mai kaɗan, alhali kamanni da ɗanɗano kusan ɗaya ne. Daga nan a ajiye masa abinci ya ci yadda ya ga dama. Ranar da aka ba shi mai nauyin kalori sai ya rage ci, ranar da aka ba shi mara nauyi sai ya ƙara. Babu wanda ya gaya masa. Da aka yi wa manya irin wannan gwaji, ba su kai yaran iya daidaitawa ba.

A 1991 sakamakon wani binciken nata ya fito a mujallar likitanci ta New England, wadda ke cikin mafiya daraja a fagen. An auna duk abin da yara 15 'yan shekara 2 zuwa 5 suka ci na tsawon kwana 6. Idan aka dubi kowane zaman cin abinci shi kaɗai, hawa da saukar abin da yaro ke ci ya kai kimanin kashi 34 cikin 100. Yau ya cinye karin kumallo tas, gobe ya ɗan tsakura ya tashi. Amma da aka haɗa jimillar yini, sai hawa da saukar ya dawo kimanin kashi 10 cikin 100 kacal. A mafi yawan lokuta, zaman da yaro ya ci da yawa, wanda ya biyo baya kaɗan yake ci.

Wannan sakamako yana da nauyi fiye da yadda ƙanƙantar gwajin ke nunawa. Uwa zama ɗaya take gani. Idan ta ga an bar rabin abincin rana sai hankalinta ya tashi, ta ɗauka yaron ba ya ci. Jikin yaron kuwa lissafin yini yake yi, ba na zama ɗaya ba. Da yawa daga cikin rigingimun da ake yi a kan faranti sun taso ne daga wannan saɓanin lissafi.

Sai dai ma'aunin ba na ƙarfe ba ne. A 1987 Birch da abokan aikinta suka raba yara gida biyu. Rukuni na farko aka riƙa jan hankalinsu ga abin da suke ji a cikinsu, ko yunwa ko ƙoshi. Rukuni na biyu aka riƙa jan hankalinsu ga abin da ya rage a faranti, ana ba su lada idan sun cinye. Na farkon sun ci gaba da daidaita cinsu da nauyin kalorin da aka ba su. Na biyun ba su nuna wannan daidaitawa ba. Gajeren horo ya isa ya karkatar da kunnen yaro daga cikinsa zuwa ga farantinsa.

Girman rabo ma haka. A wani gwaji na shekarar 2000 da ta yi tare da Barbara Rolls, an zuba wa yara makaroni da cuku, wata rana kaɗan, wata rana matsakaici, wata rana da yawa. 'Yan shekara 3 kusan abu ɗaya suka ci ko nawa aka zuba. 'Yan shekara 5 kuwa, da an ƙara zubi sai su ƙara ci. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tasirin girman rabo yana iya bayyana tun a shekara 2, don haka iyakar da aka zata tsakanin shekara 3 da 5 ba ta tabbata ba. Asalin maganar dai ta tsaya: abin da ido ya gani yana iya rinjayar abin da ciki ya faɗa.

5.0 Tukwici da Matsi da Hani

A nan ne aikin Birch ya taɓa abin da iyaye ke ji da shi, domin dabarun da ta sa a ma'auni su ne waɗanda kowane gida ke alfahari da su.

Na farko, tukwici. A gwaje-gwajen 1982 da 1984 an ce wa yara su sha wani abin sha domin su sami damar yin wasa, ko yabo, ko tikitin kallon fim. Sun sha, amma daga baya son da suke wa abin shan ya ragu. A ɗaya gefen, wani gwaji na 1980 ya nuna cewa abincin da aka mayar lada, wato wanda ake bayarwa idan yaro ya yi abin kirki, daraja yake ƙarawa a idonsa. Idan aka haɗa biyun sai a ga yadda “cinye ganyen nan in ba ka alewa” ke yin aiki biyu a lokaci guda, kuma duka akasin abin da ake nufi: ganye ya zama wahalar da ake biya, alewa ta zama abin nema. Yaro ba wawa ba ne. Ya san ba a biyan mutum don ya yi abin daɗi.

Na biyu, matsi. A wani gwaji da aka wallafa a 2006, an riƙa ba yara 'yan shekara 3 zuwa 5 miyar sha iri biyu na tsawon makonni. A kan ɗaya ana ta nanata musu su shanye, a kan ɗayar ba a ce komai ba. Sannu a hankali suka fi shan wadda ba a matsa musu a kanta ba, kuma ƙorafinsu a kan wadda aka matsa ya ninka na ɗayar sau da yawa. Abin lura, matsin nan ba tsawa ba ne, ba duka ba ne, roƙo ne cikin ladabi.

Na uku, hani, wanda ya fi dangantaka da ƙiba kai tsaye. A 1999 Jennifer Fisher da Birch suka sa wani biskit a cikin tulun gilashi a tsakiyar tebur, yara suna gani amma an hana su taɓawa sai na ɗan lokaci ƙayyadadde. Maganar biskit ɗin ta yawaita a bakinsu, roƙonsa ya ƙaru, kuma da aka buɗe suka ɗiba fiye da yadda suke ɗiba a da. Su biyun suka kuma ƙirƙiro wani ma'auni da ya zama ruwan dare a fagen, wanda ake kira ci ba tare da yunwa ba. Bayan yaro ya ci abincin rana ya tabbatar da bakinsa ya ƙoshi, sai a bar shi shi kaɗai na minti 10 a ɗaki mai kayan wasa da kayan kwalama iri 10, sannan a auna abin da ya ci.

An yi amfani da wannan ma'auni a wani dogon bincike da ya bibiyi 'yan mata kusan 200 a tsakiyar jihar Fensilbeniya tun suna shekara 5 har suka kai 15. Waɗanda suka ci kwalama da yawa ba tare da yunwa ba a shekara 5 da kuma 7, yiwuwar nauyinsu ya wuce kima ta ninka ta sauran fiye da sau huɗu. Rahoton 2003 ya ƙara da cewa 'yan matan da iyayensu mata suka fi tsaurara musu hani a shekara 5 su ne suka fi irin wannan ci a shekara 7 da 9, musamman waɗanda dama suna da jiki.

Birch ba ta fahimci wannan a matsayin izinin sakin yara su ci abin da suka ga dama ba. Darasin Davis yana nan: babba ne ke da alhakin abin da zai shigo gida, da lokacin ci, da wurin ci. Abin da ya rage wa yaro shi ne ko zai ci, da nawa zai ci. Masaniyar abinci Ellyn Satter ce ta tsara wannan rabon aiki tun a shekarun 1980, gwaje-gwajen Birch kuma suka zama hujjar da aka fi kafawa da ita. Akwai bambanci babba tsakanin gidan da ba a ajiye lemon kwalba da gidan da aka jera shi a firji ana ce wa yaro kada ya taɓa.

Birch ta sha nuna cewa waɗannan dabaru na iyaye ba daga jahilci suka fito ba. Gado ne daga zamanin ƙarancin abinci, lokacin da barin loma a kwano asara ce, kuma jikin yaro shi ne garkuwarsa idan ciwo ko fari ya zo. Duniyar ce ta sauya, abinci mai zaƙi da maiƙo ya yi arha ya cika ko'ina, dabarun kuwa suna nan yadda aka gaje su.

6.0 Daga Ɗakin Gwaji Zuwa Ɗakin Mai Jego

A shekarunta na ƙarshe Birch ta koma ga jarirai. Ita ce ta shugabanci kwamitin Cibiyar Likitanci ta Amurka da ya fitar da rahoton 2011 a kan manufofin rigakafin ƙiba a farkon ƙuruciya. Tare da likitan yara Ian Paul da Jennifer Savage ta tsara shirin INSIGHT, wanda aka fara ɗaukar mahalartansa a 2012. Mata 279 masu haihuwar fari ne suka shiga da jariransu, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Ma'aikatan jinya sun ziyarci kowace a gida sau huɗu a shekarar farko. Rukuni ɗaya an koya musu kiyaye haɗurran gida. Ɗaya rukunin an koya musu karanta alamun jariri da amsa su yadda ya dace.

Abin sha'awa, kaso mai yawa na darasin bai shafi abinci kai tsaye ba. Ya shafi barci da kuka. Jariri yana kuka don yunwa, yana kuma yi don gajiya ko zafi ko jiƙewar ƙunzugu ko neman a ɗauke shi. Idan nono ko kwalbar madara ce amsar kowane kuka, to yaron yana koyon cewa maganin kowace damuwa ci ne. Don haka aka koya wa iyayen rarrabe kukan yunwa da sauran, da hanyoyin rarrashi kamar naɗewa a zane da jijjigawa, da kwantar da jariri da wuri a bar shi ya koyi yin barci da kansa, da gane alamun ƙoshi kamar kawar da kai da sakin baki.

Da yaran suka cika shekara 1, kashi 5.5 cikin 100 na rukunin da aka horar ne nauyinsu ya wuce kima, a ɗaya rukunin kuwa kashi 12.7. A shekara 3, kamar yadda rahoton 2018 ya nuna, matsakaicin ma'aunin nauyi bisa tsayi na rukunin da aka horar yana nan ƙasa da na ɗayan, amma tazarar ƙarama ce, kuma bambancin adadin masu ƙiba bai kai matakin da ƙididdiga za ta tabbatar da shi ba. Nasara ce, amma madaidaiciya. A fagen da yawancin shirye-shiryen rigakafi ke tashi a tutar babu, ko wannan ma abin lura ne.

7.0 Suka da Iyakoki

Suka mafi ƙarfi ita ce ta alƙiblar sababi. Idan aka ga uwa mai tsananta hani da 'ya mai yawan ci, wa ya haifar da wani? Jane Wardle da abokan aikinta a Landan, waɗanda suka kafa binciken tagwaye na Gemini a 2007, sun nuna cewa ƙarfin sha'awar abinci da saurin ƙoshi suna da kaso babba na gado, kuma ana ganin bambancinsu tun a watannin farko. Wasu binciken da suka bi yara tsawon lokaci sun gano cewa sau da yawa iyaye martani suke mayarwa: mai yaro rarrauna ta matsa masa, mai yaro mai zari ta hana shi. Birch ta yarda cewa tasirin yana tafiya ta ɓangarorin biyu, kuma rubuce-rubucenta na baya sun nuna haka. Amma saƙon da ya isa ga jama'a ya fi kama da ɗora wa uwa laifi, wanda hujjojin ba su kai su ɗauki nauyinsa ba. Maganar tukwici ma an sassauta ta, domin rukunin Wardle ya nuna a 2011 cewa ƙaramin lada da ba abinci ba, kamar sitika, idan aka bayar don yaro ya ɗanɗana kawai, yana iya ƙara karɓuwar kayan lambu har bayan an daina bayarwa.

Suka ta biyu ta shafi waɗanda aka yi binciken a kansu. Gwaje-gwajen farko na yara ƙalilan ne, galibi daga makarantun reno na jami'a. 'Yan matan Fensilbeniya duka fararen fata ne. Matan INSIGHT mafi yawansu farare ne masu aure da ilimi mai zurfi. Birch ta san da wannan giɓi, kuma a Jojiya ta shiga tsara irin wannan shiri ga iyalan baƙaƙen fata na Amurka, wanda sakamakonsa bai fito ba sai bayan rasuwarta.

Giɓin ya fi faɗi idan aka tsallaka teku. Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma ma kashi 57, alhali masu nauyin da ya wuce kima kashi 2 ne kawai. Dukkan maganar ma'aunin ƙoshi an gina ta ne a kan lafiyayyen yaro da ke gaban wadataccen abinci. Yaron da zawo ko zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin sinadarin zinki ya kashe wa sha'awar abinci, kawar da kansa ba ƙoshi ba ne. Masaniyar al'adu Katherine Dettwyler, wadda ta yi aiki a wajen Bamako ta Mali a shekarun 1980, ta bayyana gidajen da ake barin ƙaramin yaro ya ci idan ya nema, a ƙyale shi idan bai nema ba, kuma ta danganta hakan da rashin girman wasu yaran. A irin wannan hali, “a bar yaro ya yanke wa kansa” shawara ce mai haɗari.

Wannan bai rushe aikin Birch ba, amma ya nuna inda ainihinsa yake, wato a kan kula da alamun yaro, ba a kan janye hannu ba. Ƙa'idojin ciyar da yara masu shan nono da Hukumar Lafiya ta Duniya da reshenta na nahiyar Amurka suka fitar a 2003 sun tsaya a wannan tsakiya: a ciyar da yaro sannu a hankali cikin haƙuri, a ƙarfafa masa gwiwa ya ci, amma kada a tilasta masa, kuma a ƙara himma lokacin ciwo da bayansa. Ɗurar da aka sani a ƙasar Hausa, inda ake kwantar da yaro a cinya a zuba masa kunu ko da yana ƙi, tana can ƙarshen ɗaya gefen, kuma ban da abin da Birch ta faɗa game da matsi, tana tattare da haɗarin shaƙewa.

Ga manazartan harshe da al'ada akwai wani abin dubawa a nan. A 2001 Birch da abokan aikinta suka wallafa takardar tambayoyi mai ɗauke da tambaya 31 don auna yadda iyaye ke ciyar da yara, wadda aka fassara zuwa harsuna da dama. Tana auna abubuwa bakwai, cikinsu har da hani da matsi da sa ido da damuwar uwa game da nauyin ɗanta. Tambayoyin sun ɗauka cewa yaro yana da farantinsa shi kaɗai, kuma mutum ɗaya ne ke da alhakin ciyar da shi. A gidan da yara huɗu ko biyar ke zagaye kwano guda, wanda ya yi sanyin hannu ya tashi da yunwa, “cinye abin da ke farantinka” ba shi da ma'ana. A gidan da kaka da abokiyar zaman uwa da yayye mata kowa ke miƙa wa yaro loma, ba a san wa za a yi wa tambayar ba. Damuwa da nauyin yaro ma tana iya juyewa, domin inda ake yaba jariri ɓul-ɓul a matsayin shaidar iya reno, ramarsa ce abin kunya, ba ƙibarsa ba. Hausa kuma tana rarrabe yunwa da marmari da kwaɗayi da zari da haɗama, tana rarrabe ƙoshi da ginsa. Abin da Fisher da Birch suka auna a minti 10 ɗin nan, mai fassara zai tsaya ya zaɓa ko kwaɗayi ne ko zari, kuma kowace kalma tana ɗauke da nata hukuncin tarbiyya, wanda zai iya sauya amsar da uwa za ta bayar.